Za mu sauka a ƙaramin otel a bakin teku a Busua, ance ruwan yana cin baƙi, ya zan yi da yara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah ina neman shawara hankalina ba a kwance yake ba. Maigida ya ce idan yara sun samu hutu za mu je Ghana mu ga ƴan uwansa a Takoradi, daga nan mu wuce wani ƙauye Busua mu kwana uku a wani ƙaramin otel da ke bakin teku, inda samari ke hawan igiyar ruwa da allo. Yaranmu uku, babban shekararsa 14 kuma ba ya jin magana akan ruwa. Wata maƙociyata ta ce tekun can yana da aljana mai ɗaukar baƙi, har ta haɗa ni da wani mai bada laya a ɗaura wa yara. Shi kuma maigida ya ce in daina tsoro shi a Yawuri ya tashi ya iya ruwa, za su nemi inda ruwan ya kwanta babu igiya su yi wanka a nan. Shin otel ɗin irin wannan da aminci? Kuma ya maganar ruwan? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Tsoronki yana kan hanya, sai dai kin ajiye shi a inda ba nan haɗarin yake ba, kuma maganar da ta fi tayar min da hankali a duk wasiƙarki ba ta maƙociya bace, ta maigida ce. Zan zo kanta. Bari mu fara sallamar maganar otel tunda ita mai sauƙi ce.

Busua ƙauyen masunta ne na Ahanta, kamar kilomita 30 yamma da Takoradi. Mota za ku shiga zuwa Agona Nkwanta, daga nan tasi ta gangara da ku bakin ruwa. Ƙananan masaukan da ke jere a bakin yashin yawancinsu abu ɗaya ne: ɗaki, gado, fanka, banɗaki, baranda mai kallon teku. Kar ki je da tunanin otel ɗin Abuja. Iskar gishiri tana cin ƙarfe, za ki ga makulli da famfo da fanka duk sun yi tsatsa, zanin gado ma za ki ji kamar da ɗan danshi ko an wanke shi fes, wannan ba ƙazanta bace yanayin wurin ne. Abinda za ki tambaya kafin ku biya shi ne ko akwai gidan sauro a kowane gado kuma ba yagagge ba, domin zazzaɓin cizon sauro a yankin nan ba shi da lokaci, ko suna da janareto idan an ɗauke wuta, ko ƙofar ɗaki tana kulluwa ta ciki, sannan ko ɗakin yana kusa da wurin shan giya da kiɗa, saboda ƙarshen mako wasu wuraren kiɗa ake har dare ya raba kuma da yara ba za ki ji daɗi ba. Ki nemi ɗakin da ke can baya ko a sama. Ki tafi da butarki da sallayarki, ruwan sha ku sayi na roba ko na leda. Alƙibla idan kina kallon teku tana hannunki na hagu, gabas mai karkata arewa, ki tabbatar da wayarki. Abinci kifi ne ya fi yawa sabo daga kwalekwale, da shinkafa da dokunu da banku, in nama kike so gara ku taho da shi daga wurin mahautan zango a Takoradi. Ku riƙe sidi, kuɗin Ghana, a hannu kar ku dogara da kati, kuma kar ku manta katin allurar shawara don ana tambayarsa a shiga Ghana. Shikenan maganar masauki.

To yanzu maganar maigida. Ya ce za su nemi inda ruwa ya kwanta babu igiya. Hajiya wallahi wannan jimlar ita ce nake ji kullum daga bakin baƙi kuma ita ce take kai mutane lahira. Inda kika ga igiyar ruwa tana fashewa da farin kumfa dama da hagu, sai a tsakiya ga wani fili ya yi luf, ruwan ya fi duhu, kamar an share hanya, to nan ne wurin da ya fi ko ina haɗari a duk bakin tekun. Kallon kitse ake yi wa rogo. Duk ruwan da igiya take turowa bakin yashi dole ya koma, ba zai iya komawa ta inda wata igiyar ke tahowa ba, sai ya taru ya gangara gefe ya nemi inda yashin ƙasa ya yi rami ya fita ta nan da ƙarfi, kamar ruwan sama da ya cika tsakar gida ya samu rariya. Saboda wurin ya fi zurfi shi ya sa igiya ba ta fashewa a kai, shi ya sa yake kama da kwanciyar hankali, shi ya sa uba mai son ƴaƴansa zai kama hannunsu ya kai su daidai nan yana ganin ya zaɓa musu wuri mai kyau. Wannan shi muke kira jan ruwa.

Kuma ba abu bane na wasa. Yawanci gudunsa wajen rabin mita ne a daƙiƙa ɗaya, amma an auna wanda ya kai mita biyu da rabi, wato ya fi gudun zakarun ninkaya na duniya, su da ke cinye mita 50 a cikin daƙiƙa 21 da ɗan wani abu. Ƙungiyar masu ceto a bakin teku ta Amurka ta ce sama da kashi 80 cikin 100 na mutanen da suke cetowa jan ruwa ne ya ɗauke su, can fa inda akwai ma'aikata da hasumiya da tuta. Yanzu ki faɗa min mutumin da rabonsa da iyo tun yana saurayi, ga yaro a hannu, ya zai yi da shi?

Iya ruwan kogi ilimi ne ban raina shi ba, mutanen Yawuri sun san ruwa. Amma kogi gabansa ɗaya, ka san inda ya dosa, gaɓa tana gefenka, in ka bi shi a karkace za ka fita. Teku yana turo ka gaba yana janye yashin ƙarƙashin ƙafarka, igiya ta buge ka a fuska kana shirin shaƙar iska, gishiri ya shiga ido, kana tsaye ruwa iya ƙugu sai ka ɗaga ƙafa ɗaya ka ji babu ƙasa. Kuma abin takaici wanda ya iya ruwa shi ya fi shiga matsala, domin wanda bai iya ba yana tsayawa iya gwiwa, shi kuwa gwani yana ganin an ja shi sai ya juya ya fuskanci gaɓa ya fara iyo da duk ƙarfinsa, yana yi yana ganin otel ɗin yana ƙara nisa, minti biyu uku hannu ya mutu, tsoro ya shiga, ya fara shan ruwa. Ki riƙe wannan da kyau: jan ruwa ba ya jan mutum ƙasa, waje yake kai shi, kuma ba faɗi gare shi sosai ba, da ya wuce bayan inda igiya ke fashewa ƙarfinsa yake mutuwa. Gajiya da firgita ne suke kashe mutum. Wanda ya ji an ɗauke shi ya daina kokawa, ya kwanta rigingine, ruwan gishiri yana ɗaga mutum fiye da na kogi, ya yi numfashi, ya ɗaga hannu ɗaya sama a gan shi. In yana da sauran ƙarfi ya yi iyo ta gefe, yana bin tsawon gaɓa, har ya isa inda farin kumfa yake, igiyar da kanta za ta turo shi bakin yashi. Ki zaunar da ɗanki mai shekara 14 ki sa ya maimaita miki wannan da bakinsa tun kuna Kaduna, da shi da babansa.

Za ki ga samarin ƙauyen da allunansu suna shiga daidai wannan fili mai duhu, kar wannan ya ruɗe ku. Da gangan suke yi, jan ruwan ne yake fitar da su bayan igiya ba tare da wahala ba, su suna kwance akan allo mai yawo a saman ruwa, an ɗaure shi da igiya a ƙafarsu, kuma tun suna ƙanana suke karanta ruwan nan. Baƙo ya gani ya ce ai ga yara ma suna shiga. Ba ɗaya kuke ba.

Sai maganar aljana da mai laya, nan ne raina yake ɓaci. Mu Musulmi ne ba mu musun akwai aljanu, su ma mutanen gaɓar Ghana suna da nasu al'adun game da teku, a garuruwa da yawa masunta ba sa fita ranar Talata, wannan nasu ne a girmama musu. Amma a ce duk wanda ruwa ya ci aljana ce ta ɗauke shi, wannan magana tana hana mutane koyon abinda zai cece su. Me ya sa baƙi ake yawan rasawa? Saboda baƙo ne bai san inda ramin yake ba, ɗan gari ya sani. Kuma mutumin da ke zaune a Kaduna, ƙila bai taɓa ganin teku ba, zai karɓi kuɗinki ya ɗinke takarda a fata ya ce yaro ya shiga ruwa ba abinda zai same shi, wallahi wannan ya fi maƙociyar laifi, domin ita tsoro ta ba ki, shi kuwa ƙarfin gwiwar ƙarya zai ba yaro ɗan 14 wanda dama neman dalili yake. In abu ya faru ba za ki gan shi ba, cewa zai yi an karya sharaɗi. Ki yi wa ƴaƴanki addu'o'in da Annabi SAW ya koyar safe da yamma, kyauta ne, sannan ki yi abinda ya ce wa mai raƙumi, ɗaure shi sannan ka yi tawakkali. Allah ya ce kada ku jefa kanku cikin halaka da hannayenku. Kuɗin layar ki ajiye ki biya wa yaron darasin awa ɗaya ko biyu wurin masu koyar da hawan allo a Busua, akwai su a bakin yashin, za su ba shi allo mai laushi su tsaya da shi a inda ruwa bai wuce ƙirji ba, kuma abu na farko da malamin kirki zai nuna masa shi ne inda jan ruwan yake a ranar. Yaron da ba ya jin magana akan ruwa hana shi ba zai yi aiki ba, zai saci jiki ne da asuba kuna barci, gara ki miƙa shi hannun wanda ya san wurin.

Gaskiya ne ana yaba Busua da cewa ruwanta ya fi na wurare da yawa a gaɓar Ghana sauƙi, amma wannan yabon ne ma yake sa mutane sakaci. Ramin yashin nan yana canza wuri, inda aka yi wanka lafiya jiya ba lallai ya zama lafiya yau ba, jan ruwan ya fi ƙarfi idan teku ya janye, kuma daga wajen watan Mayu zuwa Satumba igiyar ta fi girma akan lokacin hunturu. Kar ki ɗauka akwai ma'aikacin ceto a zaune yana kallon ƴaƴanki don kawai otel ne, ƙananan masaukai da yawa ba su da kowa. Duk safiya kafin kowa ya taɓa ruwa ku tambayi masu allo ina ne yau, ku tsaya a baranda ko wani tudu ku kalli ruwan minti biyar, daga sama an fi ganinsa, za ki ga kumfa da ganye da yashi suna tafiya waje a layi ɗaya.

Ƙananan biyun kar su wuce gwiwa kuma babba yana kusa da su yadda hannunsa zai kai, ba yana kan kujera da waya ba, domin yaron da ke nutsewa ba ya ihu ba ya fantsama ruwa, shiru yake yi kansa a ɗage baki yana shiga yana fita. Robobin nan da ake hurawa masu kama da taya ko agwagwa ki bar su a gida, su ne ruwa da iska suka fi saurin ɗauka. Ke kanki Hajiya in za ki jiƙa ƙafa ki tsaya a baki, doguwar abaya ko hijabi har ƙasa in ya sha ruwa nauyi yake yi ya naɗe ƙafafu, igiya ɗaya ta isa ta kayar da ke. Babu shiga ruwa bayan magariba, kuma ku nisanci duwatsu da bakin rafin da ke shiga teku.

In Allah ya kiyaye kuka ga an ja wani, maigida kar ya faɗa ruwan ba komai a hannunsa, haka ake rasa mutum biyu a gida ɗaya. A yi ihu a kira masu allo su suka fi kowa saurin isa, a jefa masa duk abinda ke yawo a ruwa, jarka mai murfi, kula, allo. In an fito da shi kuma dan Allah kar a bari wani ya hau cikinsa yana dannawa wai a fitar da ruwa, ko a ɗaga shi a juye kai ƙasa, wannan ɓata lokaci ne kuma amai yake turawa cikin huhu. In ba ya numfashi a kwantar da shi rigingine a ɗaga haɓarsa a hura masa iska ta baki, a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a ci gaba ba tsayawa, wani kuma ya kira 112. In ya farfaɗo yana tari ko numfashi na yi masa wuya kar a ce ya huta a ɗaki, akwai asibitin gwamnati a Dixcove nan kusa da ku, babba kuma Effia Nkwanta a Sekondi, tun ranar da kuka sauka ki karɓi lambar direban tasi ɗaya a wurin masu otel ki ajiye. Ki ba maigida wannan amsar ya karanta da kansa kafin ku sayi tikiti. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.