Amsar tambayar Kawu kan yadda muke nazarin wasiƙun Bulus a Dublin

Kawu, barkanku da hutawa, ina fata kuna lafiya da Inna da dukan 'yan'uwa a Malumfashi. Na ji saƙonku, na kuma ji damuwar da ke cikinsa. An gaya muku wai mu da muka zauna a Turai mun koma fiɗar wasiƙun Manzo Bulus kamar mahauta, har muna cewa ba shi ya rubuta su ba. Bari in faɗa muku abin da muke yi, ku auna da kanku.

Mu 'yan iyalai ne kaɗan masu jin Hausa a nan, daga Katsina da Zariya da Jos. Ran Asabar da yamma mukan taru a falon ɗayanmu, a dafa shayi, yara su zauna a ƙasa. Bambancinmu da yadda na taso a gida shi ne ba ma ɗaukar aya ɗaya mu kwana a kanta. Mutum ɗaya zai miƙe ya karanta wasiƙa daga gaisuwar farko har ta ƙarshe, da Hausa, ba tsayawa. Ai haka aka aiko su tun farko. A ƙarshen 1 Tasalonikawa Bulus ya gama su da Ubangiji a karanta wa dukan 'yan'uwa wasiƙar. Surori sai a ƙarni na 13 aka yanka su, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa sai 1551. Ranar da muka ji Galatiyawa a zama ɗaya, falon ya yi tsit, domin mun ji ɓacin ran mutum da ke ganin 'ya'yansa na kauce hanya, har wurin da ya karɓi alƙalami ya ce su dubi manyan haruffan da ya rubuta da hannunsa.

Bayan karatu sai tambayoyi: su wa aka rubuta wa, daga ina, me ya faru a garinsu? A nan ne aikin masana ke taimakonmu. Ayyukan Manzanni sura 18 ta ce an kai Bulus gaban Galiyo a Koranti. An tono wani rubutu a jikin dutse a Delfi ta ƙasar Girka da ya nuna Galiyo na mulkin Akaya, lardin da Koranti take ciki, wajen shekara ta 51 zuwa 52, da shi ne aka gane 1 Tasalonikawa, wadda ake ganin daga Koranti Bulus ya aika ta, ta fito wajen shekara ta 50 ko 51. Romawa 16 ma ta gaya mana Tartiyus ne ya riƙe alƙalami Bulus yana faɗa.

Abin da ya fi taɓa ni yana cikin garin nan. A ɗakin adana littattafai na Chester Beatty akwai tsohon kundin wasiƙun Bulus da Helenanci, wato harshen Girka, wanda masana ke kira P46. An rubuta shi wajen shekara ta 200, a Masar aka samo shi. Ganye 86 suka rage, 56 a nan, 30 a Jami'ar Michigan ta Amurka. Na kai yarana, muka tsaya gaban gilashin. Takardar ta yi launin busasshen kara, gefenta duk ya zaizaye, haruffa manne da juna ba tazara tsakanin kalmomi. Wani bawan Allah ne ya zauna ya kwafe ta a lokacin da riƙe irinta kan iya jawo wa mutum tsanani. A ginin ne kuma ake ajiye da Alƙur'anin da Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 1000, shi ya sa maƙwabtanmu Musulmi ma sukan je.

Maganar da ta tayar muku da hankali kuwa, ba zan ɓoye ta ba. Cikin wasiƙu 13 masu ɗauke da sunan Bulus, kusan duk masana sun yarda da 7: Romawa, Korintiyawa biyu, Galatiyawa, Filibiyawa, 1 Tasalonikawa da Filimon. Sauran 6 ana muhawara a kansu saboda salon harshe, wasu na cewa almajiransa ne suka rubuta, wasu masana kuma na tsaye a kan cewa nasa ne. A P46 ma farkon Afisawa, ɗaya daga cikin shidan nan, babu kalmar "a Afisa". Mu dai, dukansu Maganar Allah muka riƙe su. Amma yaranmu za su ji wannan magana a makaranta ko a intanet, kuma na gwammace su fara jin ta daga bakina, da Littafi Mai Tsarki a buɗe a gabanmu.

Kun tuna labarin da kuka ba ni na Kaka, yadda bayan ya karɓi bishara ya rasa yadda zai yi da naman da danginsa suka yanka wa tsafi? Makon jiya 1 Korintiyawa muka karanta, da muka zo sura 8 sai na ba su labarinsa, 'yata ta ce ashe mutanen Koranti irin Kaka ne. Don Allah, Kawu, in kun samu sarari ku aiko mini da sauran labarin a murya, su ji daga bakinku. A gaida Inna da 'yan zumunta.