Karayar Dantse Daf da Kafaɗa: Dole Ne Sai An Sa Ƙarfe?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata mai shekara 68 ta zame a banɗaki, hoto ya nuna ƙashin dantsenta ya karye daf da kafaɗa. Rataye mata hannun kawai aka yi a wuya, aka ce mu tafi gida. Anya ba sakaci aka yi mana ba? (Ɗanta, daga Gusau)

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Malam, kwantar da hankalinka. Wannan karaya ta fi samun iyayenmu mata, saboda ƙashinsu yana rage ƙwari bayan al'ada ta ɗauke. Galibi guntayen ba sa gocewa sosai, ratayar ta wadatar. Tun 1970 wani likitan ƙashi ɗan Amurka, Charles Neer, ya kafa ma'aunin da muke dubawa: guntun da ya matsa fiye da santimita 1, ko ya karkace fiye da digiri 45, shi ake kira gocacce. Ko a gocaccen ma ba kullum wuƙa ke da riba ba. A 2015 aka fitar da sakamakon wani bincike a Birtaniya kan mutum 250. Bayan shekara biyu, waɗanda aka yi wa tiyata ba su fi waɗanda aka rataye wa hannu moriyar kafaɗarsu ba. Ku dai koma a sake hoto ranar da aka ce, don a ga ko ƙashin ya motsa.

Tambaya: Likita, na faɗi a babur, ƙashin ya rabu uku kuma ya goce. An ce za a sa min ƙarfe, 'yan uwa kuma sun ce mu je wajen mai ɗori. Shekarata 31. (Daga Maraɗi)

Amsa: Sannu ɗan'uwa. Naka daban ne da na Hajiyar can: ƙashinka na da ƙwari, karayar ta goce, kuma da hannun nan za ka ci abinci shekaru masu yawa. Ni a ganina ka yarda da aikin. Ban raina masu ɗori ba, amma guntun da ke saman dantse gajere ne, yana binne cikin nama, tsokokin kafaɗa na jan sa ta ko'ina. Karan ɗori ba shi da inda zai kama.

A tiyata, likita zai mayar da guntayen mazauninsu yana kallo ta na'urar hoto, sannan ya shimfiɗa wani siririn ƙarfe mai huji-huji a gefen ƙashin. Ƙusoshinsa masu zare ne, kawunansu na ɗaurewa a jikin ƙarfen kansa, shi ya sa suke riƙo ko a ƙashi mara ƙwari. Ba zan ɓoye maka ba, akwai haɗari: kan ƙashin na iya lotsawa ƙusa ta leƙa cikin gaɓa, jini na iya yankewa daga kan ƙashin ya mutu, ana iya taɓa jijiyar da ke motsa tsokar kafaɗa, ciwon na iya ruruwa. In kana shan taba, yanzu ne lokacin bari, tana hana ƙashi haɗewa da wuri.

Tambaya: Wata biyar da sa min ƙarfe, har yanzu ba na iya ɗaura ɗankwali. Ko ƙarfen ne ya yi tsatsa, a cire? (Wata baiwar Allah, Kaduna)

Amsa: Malama, ba irin ƙarfen da ke tsatsa ba ne, kuma yawanci ba a cire shi sai in yana gogar wani abu ko ƙusa ta leƙo. Ƙashin kan haɗe cikin mako 6 zuwa 12, amma kafaɗa gaɓa ce mai saurin sanƙarewa in an bar ta zaune, sakinta kan ja har shekara. Ki fara yin sabon hoto don a tabbatar ƙusoshin na wurinsu. In lafiya lau suke, sai ki lazimci masu gashin ƙashi, a gida kuma ki riƙa tattaka bango da yatsu zuwa sama, safe da yamma.