Amsa ga mai tambaya kan estimetin fankshin

Salam ɗan'uwa, ka ce an fara muku estimetin fankshin (hanyar kimanta adadin da ba a sani ba daga bayanai, a ilimin ƙididdiga) a aji kuma ka kasa gane bambancinsa da laikilihud. Ni ma ya taɓa ɗaure min kai sosai, amma bari mu je kasuwa. A ce ka auna buhu uku na masara, kilo 98, 101 da 104, kana neman ainihin matsakaicin nauyi wanda ba ka sani ba, shi ne faramita. Sai ka cire shi daga kowane awo, ka tara ragowar, ka nemi lambar da za ta mayar da jimlar sifili, nan 101 ce. To wannan jimlar ita ce fankshin ɗin, sharaɗi kawai matsakaicinta ya zama sifili a kan faramita na gaskiya.

Laikilihud ɗin da masanin ƙididdiga Fisher ya shimfiɗa a 1922, wato auna yiwuwar samun bayanan da ke hannunka a kan kowace ƙimar faramita, sai ka san cikakken tsarin rabuwar bayanan, wanda wallahi ba kullum ake samu ba; shi kuwa estimetin fankshin bai buƙatar haka. Wani masanin, Godambe, a 1960 ya nuna idan ka san tsarin, fankshin da ke fitowa daga laikilihud shi ya fi kowanne kyau. In kuma awo ne da ake maimaitawa kan mutum ɗaya, kamar hawan jinin majinyaci duk wata, duba hanyar estimetin fankshin ta masana Liang da Zeger ta 1986.