Me ya sa kamfanoni ƙalilan ne ke gina tashoshin jiragen ruwa?

Tambaya: Ni injiniyan gine-gine ne, na yi aikin tituna da gadoji. Na lura duk ƙasar da za a gina babbar tashar jiragen ruwa, sunayen kamfanoni kaɗan ne ke ta maimaituwa. Me suke da shi da sauran ba su da shi? Kuma masu yi musu jigila da samar da kayan aiki, wane matsayi suke da shi? Akwai ƙofa ga ƙaramin kamfani?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka lura da shi gaskiya ne, kuma dalilinsa ba ilimin zane ba ne. Injiniyoyin da suka iya lissafin katangar gaɓa suna da yawa a duniya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne jiragen aiki, da iya kawo dutse da yashi da ƙarfe bakin ruwa a ranar da ake bukatarsu.

Fara da yashe. Kafin babban jirgin kwantena ya shigo, sai an zurfafa masa hanya da wurin juyawa. Tashar Lekki da ke Legas, wadda kamfanin China Harbour Engineering ya gina aka buɗe a Janairun 2023, zurfinta mita 16.5 ne. Irin wannan haƙa galibi jirage iri biyu ke yinta. Ɗaya yana tafiya yana zuƙe yashi daga ƙasan teku, ya cika cikinsa, ya je ya zubar ko ya feso shi inda ake son cike ruwa a mayar da shi fili. Ɗayan yana tsayawa wuri guda, da wani kai mai haƙora a gabansa yana ɓarzar ƙasa mai tauri, bututu na kwashewa. Kamfanin Jan De Nul na Beljiyam yana da jirage biyu da kowannensu ke ɗaukar yashi mita kubik 46,000 a sahu ɗaya. Ba wanda zai sayi irin wannan jirgi don kwangila guda. Sai mai aiki a nahiyoyi da yawa, yana gama nan ya wuce can. Shi ya sa kake ta jin Jan De Nul da DEME na Beljiyam, Boskalis da Van Oord na Holan, sai kuma manyan kamfanonin Sin. Ko faɗaɗa mashigin Suwez da Masar ta kammala a 2015 sai da aka haɗa da yawa daga cikinsu, domin babu kamfani ɗaya da ke da isassun jiragen da za su gama aikin cikin shekara.

Amma inda na fi so ka tsaya shi ne dutse. Katangar da ke tare igiyar ruwa tana cin dutse fiye da yadda mai aikin titi ke zato, kuma ba kowane dutse ba: ciki ƙanana, sama da su matsakaita, waje manya masu nauyin tan da yawa ko tubalan kankare masu ƙahonni da ke sarƙe juna. Lokacin da aka faɗaɗa tashar Rotterdam tsakanin 2008 da 2013, aka ƙwato fili kadada 2,000 daga teku, yashin daga tekun aka zuƙo shi, amma dutsen sai da aka ɗauko shi da jirgi daga Norwe, domin Holan ba ta da duwatsun fasawa. Yi lissafi da kanka: tan miliyan ɗaya a tipa mai ɗaukar tan 30 ya haura sahu 33,000. Wace hanya za su bi? Gadojin kan hanyar za su jure? Ina za a jibge dutsen kafin a zuba? Idan injin fasa dutse ya tsaya mako biyu, jirgin zuba dutse yana zaune a ruwa, kuɗin hayarsa na tafiya ko ya yi aiki ko bai yi ba. Ga kuma teku da nasa lokacin. Akwai watannin da igiyar ruwa ba ta barin a ajiye dutse daidai, wanda ya rasa watannin da igiyar ruwa ke lafawa sai ya jira wata shekara. A ganina yawancin jinkirin da ake ɗora wa injiniyoyi daga nan yake tasowa.

Injinan ɗaga kwantena ma galibi ba a wurin ake haɗa su ba. Kamfanin ZPMC na Shanghai, wanda ya fi kowa ƙera su, a tsaye yake loda su a jirgi, a gangaro da su kan layin dogon da ke bisa gaɓa. Dole gaɓar ta gama ƙarfi, layin ya daidaita, takardun kwastan sun kammala kafin jirgin ya iso.

Ƙaramin kamfani kuwa yana da ƙofa, kuma ba ƙarama ba ce. Babban ɗan kwangila yana zuwa da jiragensa, amma ba ya zuwa da wurin fasa dutse, ko tipofi, ko man dizal, ko masaukin ma'aikata, ko masu fitar masa da kaya daga kwastan. Titunan cikin tasha, daɓen filin kwantena, magudanan ruwa da gine-ginen ofis galibi ƙananan 'yan kwangila ake ba wa. Abin da za ka koya sabo shi ne gishiri: yana ratsa kankare ya ci rodi, don haka kaurin kankaren da ke rufe rodi da irin simintin da aka gindaya ba abin wasa ba ne, kuma injiniyan da ke sa ido zai sa a fasa abin da bai cika sharaɗi ba.

Idan aka miƙo maka takardar yarjejeniya, kafin ka dubi farashi karanta sassa biyu da kyau. Na farko, wa zai biya idan motocinka suka zauna saboda ba a buɗe maka wurin aiki ba ko teku ya hana sauke kaya. Na biyu, shin za a biya ka ne bayan ka kammala naka, ko sai mai aikin ya biya babban ɗan kwangila tukuna. Idan na biyun ne, ka tabbatar kana da kuɗin albashi da man motoci na watanni kafin ka sa hannu.