Naira 600,000 da kasuwar man shafawa a hunturu: ina za a zuba su?

Wata baiwar Allah da ke sayar da kayan shafa a cikin gida a unguwar Mabera da ke Sakkwato ta aiko da tambaya. Ta kwashi adashi na naira 600,000, ga hunturu ya ƙarato. Dilan da take sari a wurinsa a Kano ya ce idan ta zuba kuɗin gaba ɗaya a manyan robobin man shafawa, zai yi mata rangwamen kashi 8 cikin 100. Ƙawarta kuma ta ba ta shawarar ta sayo man kaɗe ta riƙa haɗawa da kanta, ta ɗan zuba masa abin sa haske, domin shi mata ke rububi. Ta rufe da cewa: "Malam, mi za ni yi da kuɗɗin ga?"

Hajiya, Allah ya sa wa kuɗin albarka. Kin zaɓi kasuwa mai kyau, amma kasuwa ce mai gajeren rai, kuma a kan wannan duk lissafinki zai rataya.

Iskar hunturu takan fara kaɗawa a Sakkwato cikin Nuwamba, ta yi ƙarfi a Disamba da Janairu, ta fara ja da baya a Fabrairu. Daga arewa maso gabas take zuwa, ta ratso Sahara, kuma yawancin ƙurar da ke rufe mana gari daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa. Busasshiyar iska ce ƙwarai. Da rana laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Ita ke zuƙe ruwan fata har leɓe ya tsage, ƙauri ya yi fari fat, dunduniya ta yi faso. Wato kina da kamar wata uku na ciniki mai zafi. Da Maris ya shigo, ke ma kin san garinmu: zafi ya haura digiri 40, babu mai son ya ji maiƙo a jikinsa, wadda ta yi miki layi a Janairu ko kallon robar ba za ta yi ba.

Yanzu ki ɗauko biro mu duba rangwamen nan. Kashi 8 na naira 600,000 shi ne naira 48,000. Kuɗi ne, ban raina ba. To amma ki ƙaddara kashi ɗaya cikin huɗu na kayan ya yi kwantai, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya cika shago da kaya iri ɗaya. Kin ga naira 150,000 sun kwanta ke nan daga Maris har Nuwamba mai zuwa, a cikin ɗakin da ke ɗaukar zafi, man yana rabuwa ruwa gefe mai gefe, ranar lalacewarsa tana matsowa. Ki kwatanta da wadda ta ware naira 200,000 kacal tana juya su duk mako biyu, tana samun kashi 15 a kowane juyi. Naira 30,000 ke nan sau shida a wata uku, jimilla 180,000, kuma uwar kuɗinta tana hannunta. Misali na ba ki, ba alkawari ba. Ribarki za ta iya fin haka ko ta gaza. Abin da nake so ki gani shi ne dilan nan ba kyauta zai yi miki ba. Yana so ne haɗarin kwantai ya tashi daga sitonsa na Kano ya dawo ɗakinki na Mabera, kuma naira 48,000 ce ladan da zai biya ki don ki ɗauka.

Duk da haka akwai gaskiya ɗaya a bakinsa: da sanyi ya kankama farashin sari yakan tashi, wanda ya saya da wuri ya ci riba. Maganin shi ne ki yi sarin wuri a kan abin da ba ya lalacewa da sauri kuma ba ya rasa mai saye. Basilin ke nan. Ko bazara ta same shi, masu jego na saye don jarirai, masu kitso na saye, maza na shafawa a ƙafa. A nan za ki iya sa kamar kashi ɗaya cikin uku na jarin tun kafin sanyi, ki nemi rangwamen a kansa. Ki rinjayar da sarin ga ƙananan kwalabe da matsakaita. Magidancin da ke fama da kuɗin gero da na makaranta ba zai ciro dubbai ya sayi babbar roba ba, amma zai sayi ƙarama yau, ya dawo bayan kwana goma. Ribar ƙaramin mazubi kuma, idan kika auna da nauyi, takan fi ta babba.

Kafin ki ɗauki mota zuwa Kano, ki zagaya Babbar Kasuwa da Tsohuwar Kasuwa ki ji farashin 'yan sarin gida. Ki haɗa kuɗin mota, kuɗin dako, lodi da saukewa, da abin da kan fashe a hanya, ki raba a kan kowane dozin. Sau da yawa ratar da ke tsakanin kasuwar Sabon Gari ta Kano da nan takan narke a hanya idan kayan ba su da yawa. Kuma mai sarin gida yana da wani amfani da na nesa ba shi da shi: idan kaya suka ƙare miki ranar Talata, ranar Talatar za ki cike gurbi.

Wani abin da masu sayar da kayan shafa a gida ke mantawa shi ne rabin kasuwar hunturu maza ne. Ɗan kabu-kabu da ke keta iska tun asuba, mai ga-ruwa, leburan gini da siminti ke cin hannunsa, manomin albasa da ke wuni cikin ruwan fadama, da dattijon da ke alwala sau biyar da ruwan sanyi ya fito iska ta busar masa da ƙafa. Waɗannan ba za su yi sallama a gidanki ba. Ki samu ƙanenki ko wani yaro amintacce mai hankali, ki ba shi ƙananan basilin da man leɓe a faranti, ya tsaya bakin tasha ko kusa da masallacin Juma'a, ki ba shi lada a kan kowane dozin da ya sayar, ku yi lissafi kullum da magariba. Masu tireda na unguwa ma za su karɓi dozin-dozin idan kin bar musu ɗan abin da za su samu.

Batun man kaɗe kuwa, ƙawarki ta faɗi rabin gaskiya. Man kaɗe kaya ne mai kyau kuma namu ne. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan ƙwarar kaɗanya, kuma jihohin Neja da Kwara da kudancin Kebbi, wajen Zuru da Yawuri, ba su yi mana nisa ba. Da damina ake tsintar 'ya'yan, saboda haka man ya fi araha bayan damina, kafin hunturu ya ɗaga shi. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta sa dokar hana fitar da ɗanyar ƙwarar waje na wata shida, farashin ƙwara ya faɗi a lokacin. Darasin a gare ki shi ne farashin wannan kaya yana iya juyawa da sanarwa ɗaya daga Abuja, don haka ki tambayi farashin ranar, kada ki yi lissafi da na bara.

Idan za ki saya, ki sa hannu. Ki lakato kaɗan ki murza a bayan hannunki: mai kyau zai narke da ɗumin jiki, ya shige, ba tsakuwa ba gari-gari. Launinsa fari ne mai ratsin rawaya ko ruwan toka-toka, ƙanshinsa na ƙwara da ɗan hayaƙi. Idan ya yi tsami ko warin tsohon mai, ki ajiye. Ki fasa dunƙulen ki duba cikinsa, domin wasu kan bar ruwa a ciki don ya yi nauyi, kuma ruwan nan shi ke kawo fumfuna bayan 'yan makonni. Ki narka shi a wuta marar ƙarfi, ki tace da tsabtataccen ƙyalle, ki zuba a busassun robobi masu murfi. Ki fara da naira 60,000 zuwa 80,000, ki ga yadda zai tafi. A nan ne riba ta fi kauri, domin aikin hannunki kike sayarwa. Amma ranar da kika buga takarda da suna kika manna, kika fara kai wa shaguna, kin shiga hurumin hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna da kayan shafa, sai da rajista. Idan kasuwar ta karɓe ki bana, rajistar ita ce aikin bazara, tare da rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC.

Rabin maganar ƙawarki na biyu ne ban yarda da shi ba ko kaɗan. Abin da ake kira mai sa haske galibi ɗayan uku ne: hydroquinone, ko maganin steroid irin wanda likita ke rubutawa don ciwon fata, ko sinadarin mercury. NAFDAC ta haramta mercury da steroid a kayan shafa, kuma a shekarar 2023 ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Steroid yana sirantar da fata, ya bar nankarwa da jijiyoyi a fili. Mercury yana taɓa ƙoda. Ki tuna wa za ki sayar wa: maƙwabta, 'yan uwan miji, matan da kuke haɗuwa a biki da suna. A hunturu kuma mutum daga kai har ƙafa yake shafa mai, ya shafa wa yaransa. Fuska ɗaya ta ƙone a unguwa, har basilin ɗinki sai an daina saye. Haka ma jabu: ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kowane kwali kafin ki biya, kuma idan aka yi miki tayin sanannen mai a rabin kuɗinsa, ki bar musu kayansu.

Akwai kuma abin da za ki bayar kyauta wanda zai dawo miki da masu saye, wato bayanin yadda ake amfani da kayan. Mata da yawa kan ce mai "ba ya aiki", alhali a busasshiyar fata suke shafa shi. Basilin ba ya ƙara wa fata ruwa, rufe ruwan da ke ciki yake yi kada iska ta kwashe. Saboda haka ki ce musu su shafa da an fito wanka, jiki da sauran danshi. Ruwan wankan ya zama mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, domin ruwan zafi da sabulu mai yawan soda suna wanke maiƙon da fata ke kare kanta da shi. Gilisarin, wato ruwan nan mai kauri da ake shafawa don laushin fata, jawo ruwa yake yi, don haka a sirka shi da ruwa ko a haɗa da mai, kada a shafa shi zalla a wannan iskar. Mai faso ta jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da dare, ta goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa, ta cika da basilin ko man kaɗe, ta sa safa ta kwanta. Ga dalilin ajiye safa da dutsen a gefen tebur ɗinki. Yara kuma a hana su lasar leɓe, yawu ƙara busar da shi yake yi. Amma idan faso ya yi zurfi yana jini ko ruwa, musamman ga mai ciwon suga, ki ce a tafi asibiti, kada ki sayar da komai a matsayin magani.

Bashi shi ne ramin da ke cinye cinikin cikin gida. Ba zan ce kada ki bayar ba, na san zaman unguwa. Ki sa masa iyaka, misali kada jimillar abin da ke waje ta wuce naira 30,000, ki rubuta a littafi gaban mai karɓa, kuma daga tsakiyar Janairu ki rufe. Mai da aka shafe a sanyi, wuyar biya gare shi a zafi.

Ki bar aƙalla naira 100,000 a asusu ba ki taɓa ba. Wata shekarar hunturu kan makara ko ya zo da sauƙi, wata shekarar ya yi tsanani har kaya su yanke a kasuwa. A duka biyun mai tsabar kuɗi a hannu ce ke da zaɓi. Kada kuma ki tara kayan duka a wuri ɗaya kusa da murhu ko tsohuwar wayar lantarki. Lokacin gobara ne, kuma 'yan Babbar Kasuwa ba su manta da ta Janairun 2021 ba.

Ranar fita ki sa ta tun yanzu. Daga ƙarshen Janairu ki daina sarin manyan robobi, ki fara rage farashin abin da ya saura ko da ribar ta zama 'yar kaɗan, ki haɗa mai tafiyar hawainiya da mai gudu ki sayar tare. Azumin 2026 ya kama a Fabrairu, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 zuwa 11, wato ƙarshen sanyi da shirin azumi sun haɗe. Kuɗin mutane zai koma kan sukari da dabino da gero, daga baya turare da lalle da kayan kwalliyar Salla. A lokacin kina bukatar jarinki a hannu don ki sari waɗannan. Idan dilan Kano ya sake kira, ki tambaye shi ko zai karɓi abin da ya saura a Fabrairu ya musanya miki da kayan Salla. Idan ya yarda, ku rubuta a takarda da shaidu, sannan a yi maganar ƙara yawan kwalaye.