Gidan Kwari ko na Tudu? Amsoshi Kan Iskar da Ake Shaƙa

Tambaya: Zan koma wani ƙaramin gari da duwatsu suka kewaye. Na samu gidaje biyu, ɗaya a cikin kwari kusa da babban titi, ɗaya a gangaren tudu. Ɗana yana fama da asma. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malam, ɗauki na tudu in da hali. Da dare, idan sama ta yi tas babu gajimare kuma iska ta kwanta, ƙasa takan saki zafin da ta sha da rana. Iskar da ke dab da ita sai ta yi sanyi, ta yi nauyi, ta gangaro ta taru a kwari, mai ɗumi kuma ta zauna a samanta kamar murfi a kan tukunya. Hayaƙin girki, na motoci, na janareta da na shara da aka ƙona duk a nan suke kwana, sai rana ta ɗaga ta gasa ƙasa sannan su samu hanyar tashi. Abin ya fi tsanani lokacin sanyi, domin dare ya fi tsawo.

Ba ƙaramin abu ba ne. A watan Oktoba na 1948 irin wannan yanayi ya riƙe hayaƙin masana'antu na kusan kwana biyar a Donora, wani ƙaramin gari a kwarin kogin Monongahela a Amurka. Mutum 20 suka rasu, kuma sai da aka yi ruwan sama garin ya washe.

Kafin ka biya, ka hau tudun da sanyin safiya ka dubi garin. In ka ga hayaƙi ya ɗan tashi sai ya shimfiɗu ya tsaya cak, to gidan da ke ƙarƙashin wannan shimfiɗar shi ne abin gudu. Ka tambayi maƙwabta ta wace kusurwa iska ta fi kaɗawa a kowane lokaci na shekara, kada juji ko masana'anta su kasance ta wannan ɓangaren. Hayaƙin titi kuwa yakan ragu sosai bayan mita 150 zuwa 300.

Sai dai tudu ba ya kare mutum daga ƙurar da iska ta kwaso daga nesa, irin hazon hunturu da ke tasowa daga Sahara tsakanin Nuwamba da Maris. Wannan kowa take rufewa.

Tambaya: Ina so in sayi na'urar tace iska ta ɗakin kwana saboda lokacin hazo. Me zan duba?

Amsa: Hajiya, abu biyu: matatar HEPA ta gaske, da lambar CADR, wato yawan iskar da na'urar ke tacewa a awa guda. HEPA tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura masu girman maikron 0.3 (maikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ga lissafin: ki ninka tsawon ɗaki da faɗinsa da tsayinsa, sannan ki ninka da biyar. Ɗaki mai mita 4 da 4, tsayi mita 3, kubik mita 48 ke nan, yana buƙatar CADR kusan kubik mita 240 a awa. Ki sayi wadda ta ɗan zarce haka, domin lambar da ke jikin kwali ta gudu mafi ƙarfi ce, wanda ƙararsa ke hana barci.

Inda ake yawan yin asara shi ne sayen na'urar da ba a samun matatarta a kusa. Ƙura mai yawa tana toshe ta da wuri, fanka na juyawa amma aikin banza. Ki tabbatar akwai ragar gaba da ake cirewa a kakkaɓe duk mako biyu. Ita HEPA ba a wanke ta, canzawa ake yi. Ki guji masu fitar da iskar ozon, tana fusata huhu. Kuma ki toshe ƙasan ƙofa da gefen taga, in ba haka ba ƙura na shiga fiye da yadda ake tace ta.

Tambaya: Ƙaramar na'urar auna ƙura tana da amfani?

Amsa: Tana da shi, in tana nuna PM2.5, ƙurar da ke kutsawa can cikin huhu. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 shi ne kada matsakaicin awa 24 ya wuce maikrogram 15 a kubik mita. Masu araha sukan ƙara lamba idan akwai danshi sosai, don haka kada ta asubar da aka yi raɓa ta tayar maka da hankali. Babban amfaninta shi ne sanin lokacin buɗe taga: a kwari yawanci da rana tsaka ne ko bayan ruwan sama. Ranar da lamba ta hau kuma fita ta zama dole, takunkumin N95 da ya kama hanci da haɓa sosai za a sa, na yadi ba ya tare wannan ƙura.