Me ya sa sai da kaka muke shiga daji?

Jiya muna dawowa da gungumen ƙirya ka tambaye ni me ya sa ba ma shiga daji saran itace sai kaka ta kama, alhali da damina ma itatuwan na nan tsaye. Ban tanka maka ba don haki ya ci ƙarfina a kan tudun nan. To saurara.

Itacen damina cike yake da ruwa. Ka sassaƙa turmi da shi ya yi kyau a ido, bayan 'yan watanni ƙwaro ya huda shi, gari na zuba ta gindi. Na bazara kuwa, zafi ya busar da bayansa cikinsa na ɗanye, sai ya tsage. Amma daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, amalanke na shiga har gindin bishiya. Ƙirya ta turmi, marke na ƙota, aduwa ta allo, duk yanzu ake nemansu. Sai dai a jibge su a inuwa a lulluɓe da kara, don iskar hunturu ba ta da tausayi.

Gaskiya dai, ɗana, ko ba don itacen ba ni zan je. Ka fita bayan sallar asuba, raɓa ta jiƙa maka wando har gwiwa, ƙarangiya ta maƙale maka, ka yi tsaki ka wuce. Gawo na fitar da sabon ganye daidai lokacin da sauran ke shirin kakkaɓe nasu. Magarya ta nuna, ka tsinka ka watsa a baki kana tafe. Ka yi ta sara, gumi ya keto, iska mai sanyi ta share shi, ba irin gumin bazara mai sa jiri ba. Wata da watanni ina tsugune da gizago, ƙugu ya riƙe. Tafiyar dajin nan ce ke kwance mini shi. Kai ma dubi kanka. Sati biyu kacal, tuwon sabon gero kwano guda ba ya isarka, kuma ana idar da isha'i sai munshari. Da can har tsakar dare kana danna waya.

Abu ɗaya ne ba na wasa da shi: kububuwa. Launinta sak busasshen ganye, kuma lokacin girbi ne asibitin Kaltungo ta jihar Gombe ke cika da waɗanda ta sara. Kada ka kuskura ka cusa hannu ƙarƙashin gungume, fara juya shi da ƙotar gatari. Silifas ɗin nan naka kuma ya tsaya a gida, ka nemi takalmi mai rufi.

Kaɗanya da ɗorawa ba a taɓa su, abincin mutane ne, sauran ma sai da takardar malamin daji a aljihu. Yau ka wasa gatarin nan biyu, ka cika gora. Gobe za mu duba marken bakin rafi.